Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Hausawa Mazauna Legas a Kan Ƙauyen Ɗegel

Zuwa ga iyayenmu sarakunan Hausawa na unguwannin Legas, da limaman masallatanmu, da masu makarantun islamiyya, da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina yi wa iyayenmu sarakuna addu'ar Allah ya ja zamaninsu, malamanmu Allah ya gafarta musu ya ƙara musu lafiya, 'yan kasuwarmu kuma Allah ya sanya albarka a cikin nemansu. Ni malamin islamiyya ne a Agege, haifaffen ƙasar Gwadabawa ta Jihar Sakkwato, kuma ba da bakina kaɗai nake magana ba. Na rubuto ne da yawun wasu iyaye da malamai, maza da mata, daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, waɗanda muka daɗe muna tattauna wannan damuwa a tsakaninmu, har muka ga cewa lokaci ya yi da za mu kawo ta gabanku a fili.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wani zama da ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu ta yi bayan Babbar Sallah domin tsara yadda za a kashe kuɗin da aka tara a shekara. A wurin mun gabatar da shawarar a ware wani ɗan kaso domin koya wa yaranmu tarihin garuruwan da muka fito, a fara da ƙauyen Ɗegel, sai aka ajiye shawarar a gefe da cewa ba ita ce ta fi gaggawa ba, aka raba kuɗin tsakanin hayar rumfuna da kujeru da liyafar baƙi. Ba mu ambaci sunan ƙungiyar ba, domin da wata ce a cikin sauran aka kai wa shawarar, da wuya amsar ta bambanta. Sakacin namu ne baki ɗaya, shi ya sa wasiƙar ta zo gare ku baki ɗaya.

Ranku ya daɗe, ku ba ni dama in fara tunatar da mu abin da Ɗegel take, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa a wayoyinsu ba su taɓa jin sunanta ba. Ƙauye ne a arewacin birnin Sakkwato, cikin Ƙaramar Hukumar Gwadabawa a yau, a zamanin da kuwa yana ƙarƙashin Sarkin Gobir mai zama a Alƙalawa. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta cikin watan Disamba na 1754, amma yana ƙarami mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo ya dawo da iyalinsa Ɗegel, kuma a nan kabarin mahaifin yake. A Ɗegel Shehu ya tashi, a nan ya fara karatu a gaban mahaifinsa, daga nan ya riƙa fita neman ilimi wurin malamai irin su Usmanu Binduri da Muhammadu Sambo da Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma a nan ya fara kiran mutane zuwa ga addini wajajen 1774, yana ɗan kimanin shekara 20. Daga wannan lokaci zuwa hijirar 1804 shekara 30 ne cur. A cikinsu ya yi tafiye-tafiyen wa'azi zuwa Kabi, ya zauna kimanin shekara 5 a ƙasar Zamfara, amma Ɗegel ce gidan da yake komawa, kuma a farkon shekarun 1790 ya dawo ya zauna a cikinta sosai, almajirai suka riƙa zuwa daga nesa suna kafa bukkokinsu kusa da gidansa. Wannan taron almajirai da iyalansu shi ne abin da littattafai suke kira Jama'a.

Ya kamata a lura cewa Ɗegel ba birni ba ce. Ba ta da ganuwa irin ta Kano ko Katsina, ba ta da fada, ba ta cikin manyan kasuwannin da fatake suke yada zango. Abin da ya tara mutane a cikinta karatu ne kawai. An ruwaito cewa Shehu yakan zauna da ɗalibai bayan la'asar ana karanta tafsiri da hadisi da fiƙihu, a daren Juma'a kuma ya fito ya yi wa jama'a wa'azi, yana yi da Fulatanci da Hausa domin makiyayi da manomi su gane, yana kuma tsara waƙoƙi domin wanda bai iya Larabci ba ya haddace hukuncin alwala da gado da ciniki. Wajajen 1793 ya rubuta Ihya'us Sunna, littafin da har gobe ake karantawa a zaurukan malamanmu, har da na nan Agege. Ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello duk a wannan makaranta suka ginu. An kuma ruwaito cewa da tufkar igiya yake ciyar da kansa, ba ya dogara da abin hannun sarakuna.

Wannan kame kai shi ya ba maganarsa nauyi ranar da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami lokacin Babbar Sallah, wajajen 1788, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu bai karɓi dukiyar ba. A madadinta ya roƙi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a cikin ƙasar, kada a hana duk wanda ya so amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke tsare a kurkuku, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Sarki Bawa ya amince. Biyu daga cikin buƙatun nan biyar ba su shafi malamai ba ko kaɗan, sun shafi fursuna da talaka ne, kuma ina ganin duk shugaban da aka ɗora wa amanar jama'a a Legas, ko na kasuwa ne ko na unguwa, yana da abin dubawa a cikin wannan zama na Magami.

Bayan rasuwar Bawa al'amura suka fara canzawa. A zamanin Sarki Nafata aka yi shela cewa ban da Shehu babu wanda zai yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma ga addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Da Yunfa ya hau gadon sarauta sai rikicin ya tsananta, musamman bayan harin da aka kai Gimbana, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu, da mutanensa suke zaune, aka biyo da kamammu ta kusa da Ɗegel, mutanen Shehu suka kwance su. Daga nan zama ya gagara. A watan Fabrairu na 1804, wato Zulƙida ta 1218 bayan Hijira, Jama'a ta kwashe littattafanta da iyalanta ta bar Ɗegel zuwa Gudu, inda aka yi wa Shehu mubaya'a. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, a 1808 Alƙalawa ta faɗi, a 1809 Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato, Shehu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Wato zamansa a birnin da ake jingina masa kimanin shekara 2 ne kacal, alhali ƙauyen da muka manta shi ya ɗauki ƙuruciyarsa da mafi yawan shekarun koyarwarsa.

Damuwarmu ta farko ita ce yaranmu na Legas sun tashi babu wannan sani ko kaɗan. Na taɓa tambayar ɗaliban babban ajinmu, samari da 'yan mata da suka sauke Alƙur'ani, inda Shehu ya zauna kafin jihadi. Mafi yawansu suka ce a fadar Sakkwato aka haife shi, babu ko ɗaya da ya ambaci Ɗegel, alhali lokacin da aka kafa Sakkwato Shehu ya haura shekara 50. Waɗannan yara ba dakikai ba ne. Makarantunsu na boko sun kai su Badagry sun ga bene na farko da 'yan mishan suka gina a 1845, sun je gidan adana kayan tarihi na Onikan, suna iya ba ka labarin Oba Akitoye da Kosoko, kuma wannan abin yabo ne, domin a garin suke zaune, ya kamata su san tarihin masu masaukinsu. Maƙwabtanmu Yarbawa sun riƙe nasu da kyau. Mu ne muka bar namu, muka ɗauka cewa yaro zai tsince shi a hanya kamar yadda muka tsince shi a bakin kakanninmu, muka manta cewa yaron da aka haifa a Idi-Araba ba ya kwana a ɗakin kaka, kuma sai ya shekara da yawa bai taka Arewa ba. An yi shekaru ma babu darasin tarihi mai zaman kansa a manhajar firamare da ƙaramar sakandare ta ƙasar nan kafin a dawo da shi, saboda haka akwai iyaye matasa a cikinmu da su kansu ba su samu ba, balle su ba 'ya'yansu.

Abin da ya biyo bayan wannan rashin sani shi ne ya fi tayar mana da hankali. Yaron da bai san shekaru 30 na karatu a Ɗegel ba, abin da ya rage masa na labarin Shehu shi ne doki da takobi, kuma wannan guntun labari shi ne masu neman raba kan jama'a suke yaɗawa a Facebook da TikTok, suna cewa jihadin yaƙin Fulani ne a kan Hausawa, wasu kuma suna mayar da martani da zagin Gobirawa da kafirta kakanninsu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Na raba faɗa da hannuna tsakanin yara biyu a makarantarmu, ɗaya ɗan gidan Fulani ɗaya Bagobiri, waɗanda iyayensu suke sallah a sahu ɗaya suna ciniki a layi ɗaya, a kan wani bidiyo da ɗayansu ya gani a wayar yayansa. Da sun san Ɗegel, da sun san cewa Malam Abdussalami, wanda saboda mutanensa rikicin ya ɓarke, Ba'are ne ba Bafulatani ba, da sun san cewa Buzaye irin su Agali suna cikin waɗanda suka taimaka wajen hijira zuwa Gudu, da sun san cewa Sarkin Gobir Bawa ya girmama Shehu ya biya masa buƙatunsa, kuma akwai Fulani da suka tsaya a ɓangaren Gobir kamar yadda akwai Hausawa da yawa a cikin Jama'a. Ku kun fi kowa sanin cewa a Legas, ranar da rikici ya tashi a kasuwa, babu mai tambayar wane ne Bagobiri wane ne Bafulatani ko Bazabarme, duk sunanmu ɗaya a idon mutanen gari. Idan wannan gaba ta shiga tsakanin 'ya'yanmu a nan, babu wanda zai fi ku shan wahalar kashe ta.

Ba muna neman a koya wa yara yabo zalla ba ne. Shehu Abdullahi da kansa, tun ana tsakiyar yaƙi, ya ga yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin mutanensu, har ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta musu littafi a kan yadda ake mulki da adalci. Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno ya yi musayar wasiƙu da Sakkwato yana ƙalubalantar hujjar yaƙin, kuma Muhammadu Bello bai ɓoye wannan muhawara ba, ya kawo ta a cikin Infaƙul Maisur. Yaƙe-yaƙen ƙarnin nan sun jefa mutane da yawa cikin bauta, kuma wasu daga cikin Hausawan farko da suka zauna a Legas, har da waɗanda Baturen mulkin Legas, Glover, ya ɗauka aikin soja a 1863, ta wannan hanya suka iso kudu. Idan magabatan sun iya rubuta saɓaninsu da kurakuran zamaninsu, bai dace mu ji tsoron karanta wa 'ya'yanmu ba. Yaron da ya ji labarin cikakke daga bakin malaminsa ba zai ruɗe ba ranar da wani ya kawo masa rabinsa.

Akwai kuma batun 'ya'yanmu mata, wanda iyaye mata da ke cikin masu wannan wasiƙa suka nace sai an faɗe shi. A Ɗegel aka haifi Nana Asma'u wajajen 1793, a cikin gidan da mata suke karatu kamar yadda maza suke yi. Tun Shehu yana wa'azi a Zamfara wani malami mai suna Mustafa Goni ya soki yadda mata suke halartar majalisinsa, Abdullahi ya ba shi amsa a waƙe cewa barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. A cikin Nurul Albab Shehu ya zargi malaman da suke koyar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko hukuncin sallarsu ba. Yarinyar da ta bar Ɗegel tana 'yar kimanin shekara 11 ita ce daga baya ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajis, wato malamai mata masu jagoranci, tana ba su malfa, su kewaya ƙauyuka suna koyar da mata, har ta rasu a 1864. A yau a unguwanninmu na Legas ana cire yarinya daga makaranta a ɗora mata talla a bakin titi ko a tashar mota, wani lokaci uban ya ce wai tsare addini yake yi. Malamar da ta je roƙon a mayar da yarinyar aji ba ta da hujjar da ta fi tarihin Ɗegel ƙarfi a kunnen irin wannan uba, amma ita ma ba a koya mata ba.

Damuwa ta gaba ta shafi abin da yake salwanta a hannunmu a nan cikin Legas. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano, fataken goro da dillalan shanu suka ƙaru a Agege da kewayenta, kuma ba da jari kaɗai suka zo ba, sun zo da littattafai a cikin gafaka da waƙoƙi a ka. Na san wani dattijo mai sayar da goro, mutumin ƙasarmu, wanda ya haddace waƙoƙin wa'azi masu yawa na mutanen Shehu, yana kuma iya lissafa zangon da Jama'a ta yi tun daga Ɗegel har Sifawa kamar yadda ya ji a bakin kakansa. Ya rasu ba wanda ya ɗauki muryarsa, alhali kowa a cikinmu yana da wayar da za ta iya yin hakan. Bayan rasuwarsa aka buɗe akwatinsa aka tarar damshin Legas da gara sun cinye takardun ajamin da ke ciki. Irinsa suna nan da saura a Agege da Obalende da Ijora, amma kowace shekara raguwa suke yi.

Can gida ma haka abin yake. A zuwana Ɗegel, dattawan garin ne suka zagaya da ni suna nuna mini wuraren da aka gada cewa nan ne gidan Shehu, nan ne wurin karatu, nan ne maƙabarta, kuma na fahimci cewa mafi yawan wannan sani a cikin kawunansu yake. Kowa ya san halin rashin tsaro da gabashi da arewacin Jihar Sakkwato suka shiga a 'yan shekarun nan, daga Sabon Birni, inda kufan Alƙalawa yake, zuwa Isa da Goronyo da Tangaza da Gudu. Da yawa daga cikin samarin da suke sauka a Mile 12 da Alaba Rago a bayan manyan motoci daga wannan yanki suka fito, sun baro gonakinsu ba da son ransu ba. Idan mutanen ƙauye suka watse, ba gidaje kaɗai ake bari ba, har da sanin inda kowane abu yake, kuma wanda ya dawo bayan shekaru ba lalle ya sami mai nuna masa ba.

Mun san akwai masu cewa, kamar yadda aka faɗa a wancan zama, cikin wannan tsadar rayuwa, ga kuɗin haya ga rusau ga yaran da ake kamawa ana neman beli, ba lokacin maganar tarihi ba ne. Ba mu raina waɗannan matsaloli ba, mu ma a cikinsu muke kwana muke tashi, kuma muna ganin irin ɗawainiyar da kuke yi a kansu dare da rana, Allah ya saka muku da alheri. Sai dai abin da muke roƙo bai kai kuɗin rumfunan biki ɗaya ba, kuma mafi yawansa ba kuɗi yake buƙata ba, umarninku yake buƙata.

Saboda haka muna roƙon masu makarantun islamiyya su ware darasi ɗaya a mako, ko da na rabin sa'a ne ranar Asabar ko Lahadi, domin tarihin malamai da garuruwanmu, a fara da Ɗegel. Muna roƙon iyayenmu sarakuna su kafa ƙaramin kwamiti na malaman zaure da malaman boko, a sa mata a ciki, a sa Bagobiri da Bafulatani da Bakabe da Bazamfare, su rubuta ɗan littafi da Hausa mai sauƙi, boko da ajami, wanda ba zai zagi kakan kowa ba kuma ba zai ɓoye gaskiya ba. Ba sai sun fara daga tushe ba: akwai Sashen Tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Arewa a Kaduna, kuma wasiƙa mai ɗauke da hatimin sarakunan Hausawan Legas za ta sami amsar da wasiƙar malamin islamiyya ɗaya ba za ta samu ba. Idan an gama na Ɗegel, sai a bi da 'Yandoto da Alƙalawa da Surame da sauran wuraren da mutanenmu suka fito, domin kowane yaro ya ga garin iyayensa a ciki.

Muna roƙon limamanmu, Allah ya gafarta malam, su keɓe huɗuba ko karatun dare ɗaya a cikin watan Zulƙida, watan da aka yi hijira daga Ɗegel, su yi wa jama'a bayanin shekarun karatun da suka gabaci yaƙi, da buƙatu biyar na Magami, da matsayin Shehu a kan ilimin mata. Muna roƙon shugabannin matasa su zaɓi yara masu natsuwa a kowace unguwa, a ba su aikin zama da dattawanmu suna ɗaukar muryarsu da izininsu, suna ɗaukar hoton duk takardar ajami ko ta Larabci da iyalai suka yarda a gani, a ajiye kwafi a nan, a aika kwafi Sakkwato. Wannan aiki ne da ya kamata a fara kafin azumi mai zuwa, domin shekarun waɗanda za a zauna da su ba za su jira kwamiti ya gama zama ba.

Daga ƙarshe muna roƙon shugabannin kasuwa, musamman na Mile 12 da Alaba Rago da mayankar Oko-Oba, waɗanda motocinsu suke zirga-zirga tsakanin Legas da Sakkwato kowane mako, su ɗauki nauyin ƙaramar tawaga da za ta je, idan hanya ta yi kyau kuma hukumomin tsaro sun ba da shawarar a tafi. Tawagar ta fara da gaisuwa a fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi da wurin Sarkin Gobir na Gwadabawa, sannan ta isa Ɗegel ta zauna da mai gari da dattawa, ta tambaye su da bakinsu abin da suka fi buƙata, ko ruwa ne ko aji ko gyaran maƙabarta, kada mu yanke musu daga nan. Abin da tawagar ta gani ta rubuto shi, a karanta a masallatanmu, sannan ku sa hannu a kan takarda zuwa ga Gwamnatin Jihar Sakkwato da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, kuna neman a auna wuraren tarihin Ɗegel, a rubuta su, a kafa musu alamu da Hausa da Larabci da Turanci, a kuma ɗauki 'yan garin aikin kula da su.

Mu da muka rubuto wannan wasiƙa mun ɗauki alkawarin koyar da darasin kyauta a makarantunmu, kuma malamai mata a cikinmu sun yarda su zagaya azuzuwan matan aure. Muna roƙon a sanya wannan batu a cikin ajandar zamanku na gaba, a kuma ba wakilanmu uku, biyu maza ɗaya mace, izinin halarta domin su yi bayani su amsa tambayoyi. Idan akwai inda harshenmu ya yi kaifi a gaban iyaye, muna neman afuwa.

Allah ya ƙara wa sarakunanmu lafiya da adalci, ya zaunar da Legas da Arewa lafiya, ya jiƙan Shehu da jama'arsa da dukkan magabatanmu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Naku mai biyayya,
Malamin islamiyya a Agege, a madadin iyaye da malamai na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago.